Kwamfuta Mai Jin Magana

Ba da wannan suna aka haifi Ƙaramin-Aiki ba, bakinsa ne ya raɗa masa. Fanka ta tsaya, ya ce ƙaramin aiki ne. Famfo ya fashe, ƙaramin aiki ne. Ranar da firjin maƙwabcinsa ya daina sanyi ma haka ya ce, kuma a gaskiya bai daɗe a kansa ba, domin kafin azahar firjin ya koma ɗumama ruwa. Mutanen layin sun gama saninsa: in abinka ya lalace, ka fara ɓoye shi kafin ka fara neman mai gyara. Shi kuwa a nasa ganin abu ɗaya ne ya hana duniya sanin darajarsa, wato rashin shago.

Shagon da yake hari ba nesa yake ba. Yana jikin gidan surukinsa, Baba Mai Hoto, ƙofarsa na kallon titi. Nan Baba ya yi shekaru yana ɗaukar mutane hoto, har ido ya yi rauni ya sa kwaɗo ya rufe. Ƙaramin-Aiki ya roƙa, ya aika an roƙa, ya sa matarsa Auta ta roƙa, Baba ya ce zai duba. Duk da haka gogan ya je aka rubuta masa allo da jan fenti, ƘWARARREN INJINIYA, GYARA NAN TAKE, ya tura ƙarƙashin gado yana jiran rana. Auta kuwa ɗinki take yi a lungun ɗakinsu, tsakanin gado da kwanuka, kuma duk sanda ta taka keke sai diddigenta ya bugi wannan allo.

Wata safiya ta dawo daga gaida mahaifinta fuska ba walwala.

"Lafiya?" in ji shi.

"Kwamfutar Baba ce ta ƙi tashi. Makunnin ne ya nutse ciki, ko an danna ba ya dawowa. Ka san hotunan Mama duk a ciki suke. Tun rasuwarta kullum da safe sai ya zauna ya kalle su. Yau ko shayi bai sha ba."

Ƙaramin-Aiki ya miƙe tsaye. "Ƙaramin aiki ne."

"Na shiga uku," in ji Auta. "Ni da bakina."

Kafin ta nemo mayafi ya riga ya zuba sukundireba da filaya da salatif da wata matacciyar tocila a leda, ya kama hanya.

Kwamfutar tana kan tebur a falon Baba, gefen taga. Tsohuwa ce ta gaske, akwatinta fari ne a da amma ya koma ruwan ƙasa, sikirin ɗinta mai ƙatuwar ƙeya. Baba na zaune gabanta cikin farar riga, ya zuba mata ido. Bayan gaisuwa ya dubi ledar, ya dubi mai ledar, ya yi ajiyar zuciya.

"Malam, da ma na aika a kira min mai gyara daga kasuwa."

"Haba Baba! Ina raye? Waɗancan yaran ai sai su cire maka kayan kirki su sa na banza. Makunni ne fa kawai. Waya biyu ce, daga nan zuwa uwar allo, shi ke nan."

"Uwar wa?"

"Babban allon ciki, Baba. Madabod muke ce masa mu injiniyoyi."

Baba ya ce, "Hotunan uwar matarka ne a ciki, ba ni da wasu. In ka tayar min da ita lafiya, makullin shago naka ne. In kuwa ka kashe min ita…" Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya nemi ya ƙarasa.

Ƙaramin-Aiki ya naɗe hannun riga. Ya kwance notin gefe, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera, ya ce da ma wannan ƙari ne. Ya janye murfin ya leƙa, ya tarar ƙura ta yi kauri kamar bargo. Ya cika baki da iska ya hura da ƙarfinsa. Ƙurar shekara da shekaru ta taso gaba ɗaya, rabi ta koma fuskarsa, rabi ta sauka kan farar rigar Baba. Suka yi ta atishawa su biyu, wannan ya yi wannan ya karɓa, Auta na tsaye bakin ƙofa tana yi musu sannu.

"Wannan shi ne matakin farko," in ji shi yana share ido. "Ana ce masa wankin ciki."

"To, na ga an wanke," in ji Baba yana kallon rigarsa.

A ƙasan allon, can kusurwa, akwai wasu 'yan allurai jere layi biyu, an cusa musu ƙananan filogi baƙaƙe, kowane da siririyar wayarsa mai zuwa gaban akwati. Ɗaya na makunni ne, sauran na 'yan fitilu da abin da ya yi kama da haka.

"Maigida, bari in ɗauki hotonsu da wayata kafin ka taɓa," in ji Auta, "don ka san inda kowane yake."

"Kaina ya fi wayarki. Kallo ɗaya nake wa abu."

Ya yi musu kallo ɗaya, ya kama su duka a dunƙule ya fizge. Ya dubi hannunsa, ya dubi alluran, ya ga duk kamarsu ɗaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ari tabaran Baba ya saka, ya kusa cusa hanci cikin akwatin, sai ya ga ashe akwai 'yan haruffa rubuce gefen alluran, ƙanana kamar ƙwan tururuwa.

"Me aka rubuta?" in ji Baba.

"Gargaɗi ne na masu ƙira. Ga R, S, T. Wato Rabu da Shi Tukuna."

"Ikon Allah. Har da Hausa suka iya?"

"Sun san inda kayansu ke zuwa, Baba. Ga kuma H, D, D. Hattara Da Datti. Ka ga abin da na fara yi ke nan."

Auta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Ya shiga gwaji. Ya cusa wannan filogi nan, ya danna makunni, shiru. Ya cusa wancan can, shiru. Ya juya su, ya sake juya su, shiru. Ya ce matsalar daga makunnin take, abin da kowa ya sani tun safe. Ya sa filaya ya kama shi ta baya don ya jawo shi waje, makunnin ya fito gida biyu, wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin Baba.

"Wannan ma ƙari ne?" in ji Baba.

"Shi ne ya kawo cutar, Baba. Gara da ya fita."

Yana cikin nuna alluran da bakin sukundireba yana bayani, ƙarfen ya haɗa biyu daga cikinsu. Da ma bai cire wayar wuta daga soket ba, don a cewarsa wuta ta san shi. Nan take fanka ta ɗauka, fuuu, akwatin ya yi ƙara, tit! Ƙaramin-Aiki ya yi baya da gudu ya zauna daɓas a kan ledar kayan aikinsa, filaya ta gaishe shi ta inda bai shirya ba. Ya miƙe yana murmushin dole.

"Kun gani? Na ce muku ƙaramin aiki ne."

Ya sake kai sukundireban wurin don ya nuna musu da gangan ya yi, ya sake taɓa alluran, kwamfutar ta mutu. Amma dai ya gane su, kuma wannan ne abu ɗaya na gaskiya da ya gano a ranar: in aka haɗa waɗannan allurai biyu, kwamfuta za ta tashi, in aka sake haɗawa ta kwanta. Saura a samo makunni da waya.

Makunni yana da shi, na matacciyar tocilarsa. Waya ce babu, domin wadda ta zo da akwatin ya riga ya tsinka ta wajen kokawa da filaya, sai ɗan filogin da guntuwar jela. Ya ɗaga kai yana neman mafita, sai ya hango wata siririyar waya mai harshe biyu tana reto daga bango, saman taga.

"Baba, wannan fa?"

"Ta tsohuwar ƙararrawar gida ce. An cire ƙararrawar tun da daɗewa, ba wuta a jikinta."

Ya hau kujera ya ja. Wayar ta biyo shi kamu biyu, ta tsaya cak. Ya ɗauko filaya.

"Kada ka yanke min wayar gida," in ji Baba. "Abin da ka yanka yau ya isa."

"Ba sai an yanka ba. Haka ma ya fi kyau, ta sami gindi."

Ya murɗa bakin wayar da jelar filogin, ya naɗe da salatif, ya cusa filogin kan alluran nan biyu. Sannan ya ɗora makunnin tocila a tsakiyar wayar ya naɗe shi da salatif har ya yi ƙulli kamar kan yaro ya sha dutse. Abu biyu ne bai lura da su ba. Na farko, bai fere robar wayar a wurin ba, saboda haka makunninsa bai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba. Na biyu, ɗaya bakin wayar yana nan inda aka bar shi shekaru, ya bi cikin bango ya fita har ƙofar gida, yana manne da ɗan maɓallin da baƙi ke dannawa.

Ya gyara tsayuwa ya danna makunninsa. Shiru. Ya danna da babban yatsa, ya danna da hannu biyu. Baba ya fara kaɗa ƙafa. Makullin shago na rataye a ƙusa bayan kan Baba, Ƙaramin-Aiki na ganinsa yana yin nisa. Takaici ya kama shi, ya daka wa akwatin tsawa.

"Ke, tashi mana!"

A daidai wannan lokaci mai karanta mitar wuta, wanda sabo ne a layin bai san ƙararrawar ta mutu ba, ya tsaya ƙofar gida ya danna maɓalli.

Fuuu. Tit!

Ƙaramin-Aiki ya dubi hannayensa, ba abin da suke taɓawa. Murya na rawa ya ce, "Kwanta."

Mai karanta mita ya ji shiru, ya sake dannawa. Fanka ta tsaya.

"La'ilaha illallahu," in ji Baba.

Wani ne da sai ya tsaya ya yi tunani. Ƙaramin-Aiki tsoronsa bai wuce na ƙiftawar ido ba, sai ya ga ai abin a fili yake: ƙwarewarsa ce ta kai inda hannunsa ke yin abin da shi kansa bai sani ba. Ya cire tabaran Baba a hankali ya miƙa masa.

"Ban so in faɗa tun farko ba, Baba, don kada a ce ina cika baki. Na sa mata kunne. Yanzu magana take ji."

Aka buga ƙofar gida da hannu. Auta ta je ta buɗe, mai mita ya ce mata ƙararrawarsu ba ta aiki, ta ce ai ta daɗe da mutuwa, ya duba mitarsa ya tafi. Ta dawo ta tarar mijinta na cewa "Tashi!" kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu da shi.

"Sabon kunne ne," in ji shi. "Sai ya huta ya kama jiki. Gobe da la'asar za ka ga hotuna, Baba, a gaban jama'a."

"Wace jama'a kuma?"

Ai kuwa kafin magariba babu wanda bai ji ba. Ya fara da shagon mai aski, wanda suka daɗe ba sa ga maciji tun ranar da ya gyara masa injin aski ya koma tsige gashi.

"Kwamfuta mai jin magana?" in ji mai aski. "Kai da ko 'ya'yanka ba sa jin maganarka?"

"Su ba ni na haɗa musu waya ba."

"In ka ce mata ta kawo ruwa fa?"

"Wannan sai na buɗe shago. Ka zo gobe, ka zo da idonka. Kuma ka fara neman wanda zai riƙa gaishe ka, don in na zama maƙwabcinka ba ni da lokaci."

Washegari ya sa rigar da ya yi aure da ita, ya ɗauko allonsa daga ƙarƙashin gado ya goge, ya kai ya jingina a falon Baba, fuskarsa na kallon mutane. Auta ta bi shi tana roƙo.

"Maigida, don girman Allah ka gwada ta kai kaɗai tukuna."

"A gajiyar da kunnen kafin taro? Ke dai ki tanadi guɗa."

Falo ya cika. Mai aski ya zo da mutum biyu da bai gama yi wa aski ba. Mai wanki ya zo, mai faci ya zo, matan maƙwabta suka tsaya ta taga. Baba ya sa wata farar rigar, ya ja kujerarsa nesa da akwatin kaɗan. Da kowa ya shigo, Ƙaramin-Aiki ya je da kansa ya rufe ƙofar gida ya sa sakata, ya ce hayaniyar titi na rikita mata ji. Da wannan sakata ya rufe wa kansa hanya, domin duk 'yan layin sun san tura ƙofa ake yi a shigo, ba mai taɓa maɓalli.

Ya tsaya gaban tebur, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa.

"Tashi!"

Shiru.

"Tashi, na ce!"

"Ko barci ne ya yi mata nauyi?" in ji mai aski.

"A yi shiru! Numfashinku ya yi yawa."

Ya sunkuya ya faɗa a hankali. Ya faɗa da kauri, ya faɗa da siririyar murya. Ya zagaya ta baya ya faɗa ta wajen fanka, ko nan kunnen yake. Ya cire hula. Can ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji, ya ce, "Hajiya, don Allah ki rufa min asiri."

"Ya fara neman aurenta," in ji mai faci.

Ana cikin dariya Gwaggo ta iso ƙofar gida. Yayar Baba ce, daga wata unguwa take, ta ji labari ta ce sai ta gani da idonta. Mace ce mai ƙaramin jiki da gajeren haƙuri. Ta tura ƙofa ta ji ta a rufe, ta yi sallama dariya ta shanye muryarta. Sai ta ga maɓalli, ta danna.

A falo kuwa mai aski ne ya yi atishawa. Fuuu. Tit!

"Ta tashi!" in ji matan taga.

"Atishawata ce!" in ji mai aski. "Wallahi ni ta ji!"

"Umarnina ne ya isa yanzu," in ji Ƙaramin-Aiki. "Tsohuwa ce, sai ta yi tunani." Ya buɗe hannuwa ya fuskanci jama'a. "Yanzu ku kalla. Ci gaba da aiki!"

Gwaggo ta danna. Fanka ta tsaya.

"Tashi!"

Shiru.

"To, kwanta ɗin."

Fuuu. Tit!

"Jin magana tana ji," in ji mai wanki, "sai dai a juye take ji. Irin ƙanwar matata ce."

Daga nan abin ya ɓaci. Gwaggo ta fusata ta shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa, kwamfuta na tashi tana kwanciya, fuuu, tit, shiru, fuuu, tit, shiru. Ƙaramin-Aiki na bin ta da umarni yana ƙoƙarin riga ta, in ya ga za ta mutu ya ce kwanta, ta riga shi tashi. Jama'a suka shiga taya shi. Wannan ya ce tashi, wancan ya ce zauna, mai faci ya ce juya. Ɗaya daga cikin masu rabin aski ya yi mata sallama. Gumi ya jiƙa rigar aure har baya.

Sai abin ya tsaya, fanka na juyawa. Gwaggo ce ta gaji ta koma neman dutsen buga ƙofa. Sikirin ya yi haske, rubutu ya wuce, aka jira, aka jira, sai ga hoto ya cika fuskarsa: Mama ce zaune a kujerar shagon hoto, ta kai hannu za ta gyara ɗankwali, tana dariya da wanda ke ɗaukarta. Dariyar falon ta ɗauke. Baba ya jawo kujerarsa har gaban tebur, ya sa tabarau, bakinsa na motsi ba magana. Ya yi kewarta ƙwarai, kuma duk wanda ke wurin ya gani. Auta ta sa gefen mayafi ta share ido.

Ƙaramin-Aiki ya ji iska ta dawo masa. Ya matsa kusa da ƙusar da makulli ke rataye, ya ce a hankali, "Baba, ga alkawari na cika."

Baba ya ɗaga hannu zai shafi gilashin. A waje Gwaggo ba ta sami dutse ba, ta dawo ta ɗora babban yatsa kan maɓalli ta danne da duk ƙarfinta, ta ƙi ɗagawa. Hoton ya ɗauke, sikirin ya yi baƙi, hannun Baba na tsaye a iska.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya juyo a hankali.

"Malam, wa ya ce ta kwanta?"

"Ba ni ba ne, Baba. Wani ne ya yi magana a zuci."

Cikin wannan shirun aka ji ana dukan ƙofar gida da takalmi. Auta ta ruga ta zare sakata. Gwaggo ta shigo takalmi ɗaya a hannu, tana faɗa tun daga tsakar gida.

"Wane marar mutunci ne ya rufe ƙofa da rana tsaka? Ina tsaye kamar mai bara! Wannan ƙararrawar taku kuma ta mece ce? Na danna, na danna, na danna, na danne ta har yatsana ya sage, ko ƙyas!"

Auta ta tsaya cak. Ta tuna mai mita. Ta dubi ƙullin salatif, ta bi wayar da ido har saman taga inda ta shige bango. Ta juya ta fita. Jim kaɗan aka ji muryarta daga ƙofar gida.

"Maigida! Ce mata ta tashi!"

Bai ce ba. Fuuu. Tit!

"Ce mata ta kwanta!"

Fanka ta tsaya.

Mai aski ne ya fara dariya, ya zame daga kujera ya zauna ƙasa yana riƙe ciki. Matan taga suka kai labari titi kafin a gama dariyar farko. Gwaggo ta ce a yi mata bayani, da aka yi mata ta dubi Ƙaramin-Aiki sama da ƙasa.

"Mijin Auta, ashe ni ce injiniyar? To a ba ni shagon."

"Tsari ne, Gwaggo," in ji shi. "Na nesa ne. Don in Baba na dawowa daga unguwa ya kunna tun daga ƙofa, kafin ya shigo ta yi zafi."

"In baƙo ya zo fa?" in ji mai aski daga ƙasa.

"Sai… sai Baba ya san an yi baƙo."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce wa Auta ta sake dannawa sau ɗaya ta dawo, kowa kuma ya riƙe hannunsa da bakinsa. Aka jira har hoton ya dawo. Ya daɗe yana kallo, ya wuce zuwa na gaba, da na gaba, ya tabbata suna nan duka. Sannan ya miƙe ya ciro makulli daga ƙusa. Ƙaramin-Aiki ya miƙa hannu biyu.

"Na ce wanda ya tayar min da ita," in ji Baba. Ya saka makullin a tafin Auta. "Ki kwashe kekenki daga lungun nan, ki sami wurin miƙe ƙafa."

"Baba, a ba ni dama in gyara wayar. Ƙaramin…"

"Kul. Ba mai sake buɗe akwatin nan ina raye. Yadda take haka za ta zauna. Amma ba zan bar ka ba aiki ba, Malam, tunda kai ka ƙirƙiro shi."

Allon ma bai yi asara ba. Auta ta juya bayansa ta rubuta da alli, KADA A DANNA, BABA NA KALLON HOTO, aka rataye shi gefen maɓallin, jan fentin na kallon bango. A ƙarƙashinsa aka ajiye benci, kusa da ƙofar shagon ɗinki, inda Ƙaramin-Aiki ke zama da safe yana korar hannun baƙi da masu karanta mita. In wani ya tambaye shi, cewa yake shi ne mai kula da sashen wuta.

Mai aski kuwa har yau yana rantsuwa cewa kwamfutar na jin magana, shi shaida ne. Kullum da safe, in an gama shan shayi, sai Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Tashi!"

Ƙaramin-Aiki ya tashi ya danna.